Zafin na Ƙafa, Tushen na Kwankwaso

Sau da yawa ba wani babban abu ke tayar da shi ba. Mutum ya sunkuya zai ɗauki buta, ko mace ta duƙa za ta sauke tukunya daga murhu, sai a ji wani abu ya riƙe a kwankwaso, miƙewa ta gagara. A yi kwana biyu ko uku ana fama da bayan, har ya fara lafawa, ana hamdala. Sai kuma wani sabon zafi ya ɓullo daga cikin mazauni guda, ya bi ta bayan cinya, ya ratsa sharaɓa, ya dire a yatsun ƙafa. Masu shi sukan ce kamar an zura musu waya mai zafi a ƙafar, wasu su ce kamar sun taɓa minjirya. Tari ɗaya ko atishawa sai ya harba har tafin ƙafa. Zaman mota daga Kano zuwa Zariya ya zama azaba, ruku'u ya zama abin fargaba.

Daga nan kowa a gida zai kawo tasa fassarar. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce basir ne ya sauka, wata ta ce amosani, wani ya rage murya ya ce a bincika ko ya taka wani abu. A yi ta murza man zafi a cinya, a kira wanzami ya kafa ƙaho a sharaɓa, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙafar lafiyarta ƙalau. Saƙo kawai take isarwa daga can ƙasan baya.

Abin da ya fi damuna game da wannan ciwo shi ne mun juya lissafinsa. Inda yake son haƙuri, nan muke gaggawa, mu bi kemis, mu bi allura, mu bi tsaga. Inda kuma yake son a ruga asibiti a daren, nan muke jinkiri, saboda kunya ko saboda ba mu san alamar ba.

Ƙashin baya ba sanda guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a kwankwaso, sai na ƙasa da suka haɗe suka zama dunƙule guda tsakanin ƙugu. A tsakanin ƙasusuwan akwai wani abu mai aikin gammo, guda 23, wanda ke shanye nauyi yana hana ƙashi gugar ƙashi. Saboda siffarsa ake ce masa faifai. Gefensa zobba ne na zare mai tauri, layi bisa layi kamar cikin albasa. Tsakiyarsa kuwa abu ne mai laushi da danƙo, mafi yawansa ruwa. Nauyin yini yana matse ruwan, kwanciyar dare ta mayar da shi, shi ya sa mutum yakan fi tsayi da asuba da santimita 1 zuwa 2.

Mutane sukan ce ƙashi ne ya goce, ko faifai ya zame. Ba ya zamewa, don a manne yake gam da ƙashin sama da na ƙasa. Zobban gefen ne ke tsattsagewa a hankali cikin shekaru, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da tsagar ta ƙarasa, danƙon tsakiya ya bulluƙo ta baya, daidai inda jijiyoyi ke fita zuwa ƙafa. Butar da aka sunkuya ɗauka ba ita ta yi ɓarnar ba, ƙarasawa kawai ta yi. Wannan bambanci yana da amfani, domin wanda ya yarda cewa ƙashi ne ya goce zai nemi wanda zai taka masa baya ya mayar. Abin da ya bulluƙo yana can ciki, a ƙarƙashin tsoka da ƙashi, babu hannu ko ƙafar da za ta kai gare shi daga waje.

Illa biyu danƙon ke yi wa jijiya. Yana danne ta, sannan sinadaran da ke cikinsa suna sa ta kumburi da raɗaɗi. Na biyun ne ke bayyana abin da ke ba mutane mamaki, wato ƙaramin bulluƙo ya hana mutum barci, babba kuma wani lokaci ya zauna shiru. Rassan jijiyar da ke fita daga ƙasan kwankwaso su ne ke haɗuwa su zama jijiya mafi girma a jikin ɗan Adam, mai kaurin yatsa, wadda ke bi ta cikin mazauni zuwa ƙafa. Ciwonta ne Larabawa ke kira irƙun nasa, sunan da wasu masu maganin Musulunci a nan suka sani, Turawa kuma su ce sayatika. Kamar wayar lantarki ce da ta sami matsala a jikin turke, amma ƙwan da ke ɗaki ne ke ƙyaftawa.

An daɗe da sanin ciwon kafin a san tushensa. Wani likitan Italiya, Domenico Cotugno, ya rubuta bayaninsa tun 1764. Amma sai a 1934 ne likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka nuna cewa guntayen da ake cirowa daga bayan irin waɗannan majinyata, waɗanda a da ake ɗauka ƙari ne, ɓaraguzan faifai ne da ya fashe.

Wurin da zafin ya sauka yana faɗin inda ɓarnar take. Kusan 9 cikin 10 na bulluƙon kwankwaso a faifai biyu na can ƙasa yake faruwa, waɗanda likitoci ke rubutawa L4-L5 da L5-S1, domin su ne ke ɗauke da nauyin gangar jiki duka. In reshen L5 ne ya matsu, zafi da sagewa sukan bi gefen ƙwauri zuwa saman ƙafa da babban yatsa, mutum ya kasa tafiya da diddige, wani lokaci silifa ya riƙa suɓuce masa bai sani ba. In S1 ne, ta sharaɓa zai bi zuwa gefen ƙafa da ƙaramin yatsa, ɗage kuma ya gagara. Na wuya ma haka yake, sai dai hannu yake sauka: daga kafaɗa zuwa babban yatsa, ko na tsakiya, ko ƙarami, gwargwadon reshen da aka danne. Ƙwararren likita zai kwantar da mai ciwo rigingine, ya ɗaga ƙafar a miƙe a hankali. In zafin nan ya harba har ƙasan gwiwa tun ƙafar ba ta yi nisa ba, ya sami babbar shaida tun ba a ɗauki hoto ba.

Ciwon 'yan ƙarfi ne, masu shekaru 30 zuwa 50, kuma ya fi yawa ga maza. Faifan tsoho ya riga ya bushe, babu danƙo mai yawa da zai bulluƙo. In tsoho na ciwon ƙafa daga baya, galibi hanyar jijiyar ce ta tsuke, shi ya sa tafiya ke tayar masa da shi, zama ko duƙawa su kwantar. Gado yana da hannu fiye da yadda ake zato, kamar yadda binciken tagwaye a ƙasar Finland ya nuna. Taba sigari ma tana da nata, domin faifai ba shi da wadatar hanyoyin jini, tsotson abinci yake daga ƙashin da ke maƙwabtaka da shi, taba kuma tana rage masa wannan ɗan rabon. Sai ƙiba, sai dogon tuƙi a kan hanya mai gargada, sai ɗaukar kaya a duƙe ana murɗa jiki.

A 1999 wasu masana a Jamus sun saka na'urar awo a cikin faifan wani mutum mai lafiya. Da ya ɗaga kaya mai kilo 20 a duƙe, bayansa a lanƙwashe, matsin da ke cikin faifan ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu. Da ya rungumi kayan a jikinsa, matsin ya ragu da kusan rabi. Kilo 20 ke nan. A tuna da ɗan dako a kasuwar Dawanau da buhu mai kilo 100, da lebura da buhun siminti mai kilo 50, da matar da ke jan guga, ta yi surfe, ta yi shara da guntuwar tsintsiya a duƙe, goyo a baya. Ba zan ce musu su daina ba, abincinsu ke nan. Amma kusantar da kaya ga jiki, da durƙusawa maimakon duƙawa, da juyawa da ƙafa maimakon murɗa ƙugu, ba sa cin ko sisi.

Yanzu batun hoto, wanda nake ganin yana cin kuɗin mutane da kwanciyar hankalinsu. Hoton ƙashi na gama-gari ba ya nuna faifai ko jijiya, ƙashi kawai yake gani. Hoton MRI ne ke nunawa, shi kuwa sai manyan birane, kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne. Sannan yana gani fiye da abin da ake nema. A 1994 an buga wani bincike a Amurka inda aka ɗauki hoton mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan. Kashi 36 cikin 100 kaɗai ne faifansu duka suka fito sumul. Fiye da rabi suna da faifan da ya kumburo, kusan 1 cikin 4 kuma nasu ya fara bulluƙowa, ba su ma sani ba. Ashe yawancin abin da hoton ke nunawa kamar furfura ne, alamar shekaru. Na san yadda takardar sakamako mai dogayen kalmomin Turanci ke karya zuciya, mutum ya koma tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, yana ganin bayansa ya ruɓe. Hoto yana da ma'ana ne kawai in ya dace da abin da likita ya gani a jiki. In babu alamun hatsari, ba a bukatarsa a makonni 6 na farko, domin ba zai sauya maganin ba.

Dalili kuwa shi ne jiki yana da nasa maganin, kuma wannan ne labarin da ba a cika faɗa wa masu ciwon ba. Danƙon nan tun asali a kulle yake, bai taɓa haɗuwa da jini ba. Da ya fito, sojojin jiki suna ɗaukarsa baƙo, su yi masa taron dangi, su riƙa cinye shi kaɗan-kaɗan, ruwansa kuma yana tsotsewa. In aka sake hoto bayan watanni, a kusan 2 cikin 3 za a tarar ya motse ko ya ɓace. Abin mamaki, wanda ya fi girma, wanda ya ɓalle ya faɗo gaba ɗaya, shi ya fi saurin narkewa, saboda jini ya fi samun kai wa gare shi. Mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi sosai cikin makonni 6 zuwa 12. Akwai waɗanda yakan bi fiye da shekara, ba za a ɓoye ba, amma su ne marasa rinjaye.

Wannan ne ma ya sa kowane mai magani ke da shaidu. Wanda aka yi wa ƙaho a mako na biyar ya warke a na bakwai, zai rantse ƙahon ne. Wanda ya sha jiƙo ma haka. Ba ƙarya suke yi ba, sun warke ɗin, sai dai lokaci ne ya yi aikin, wani ya karɓi godiyar. Tausa mai sauƙi da gashi da ruwan ɗumi suna sassauta tsoka, ba ni da ja a kansu. Abin da nake ja da shi shi ne tsaga da aska ɗaya ga mutum goma, da lalas a fatar da ta riga ta sage ba ta jin ƙuna, da taka baya da ƙarfi.

Haƙurin da ake nufi ba na kwanciya ba ne. A da likitoci kan kwantar da mutum makonni. A 1999 aka gwada a ƙasar Holan da majinyata 183: rabi suka kwanta mako biyu, rabi suka ci gaba da ɗan motsinsu. Bayan makonni 12, kashi 87 cikin 100 sun sami sauƙi a kowane ɓangare, kwanciyar ba ta ƙara komai ba. Doguwar kwanciya ma tana kashe tsoka, ta sa gaɓoɓi su sandare. Kwana ɗaya ko biyu in zafin ya yi tsanani ba laifi, daga nan a tashi, a riƙa 'yar tafiya a tsakar gida, gobe a kai bakin layi, a guji dogon zama musamman a kujera mai zurfi. Wajen barci, a kwanta a gefe da filo tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da filo a ƙarƙashinsu. Masu gashin ƙashi a asibiti suna koyar da motsin da ya dace da kowane mutum. Ƙa'idar da suke dubawa mai sauƙi ce: motsin da ya sa zafi ya janye daga ƙafa ya koma baya, alheri ne, wanda ya ƙara tura shi ƙasa kuma a bar shi. Batun salla kuwa shari'a ta riga ta yi rangwame, wanda tsayuwa ko ruku'u ya gagara ya yi a zaune. Kada mutum ya matsa wa kansa don kunyar sahu.

Magani aikinsa ya rage zafi har mutum ya iya motsi, ba ya mayar da faifai. Irin su ibuprofen da diclofenac suna taimaka wa wasu, amma na ɗan lokaci ne, bayan cin abinci, kuma iri ɗaya kawai. Haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis, ƙwaya huɗu ko biyar ba suna, sau da yawa yana ɗauke da iri biyu na wannan dangi tare da dexamethasone ko prednisolone. Ƙarshensa gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko hawan suga da kumburin fuska. Mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mai gyambon ciki, da mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita. Tramadol kuwa ba sai an yi wa mutumin Arewa bayaninsa ba, mun ga abin da ya yi wa samarinmu, kuma akwai waɗanda ta ƙofar ciwon baya suka shiga. Pregabalin, da ake yawan rubutawa don ciwon jijiya, an gwada shi a Ostareliya a kan mutum 209 masu wannan ciwo, aka buga sakamakon a 2017: bai fi ƙwayar da ba ta da magani ba, sai dai jiri da ya ƙara musu. Akwai kuma allurar da ƙwararru ke yi kusa da jijiyar a cikin baya, tana ba da sauƙi na 'yan makonni, ba ta wuce nan ba. Ita dabam ce da allurar mazauni ta bakin titi. Wannan babbar jijiya ta nan take wucewa, kuma in hannun da bai ƙware ba ya soke ta, ƙafa na iya shanyewa. Asibitocinmu sun sha ganin yara da suka zo suna jan ƙafa saboda haka.

Sai tiyata, wadda ake yi wa tsoro iri biyu: wasu na ganin ita ce kaɗai mafita, wasu kuma sun yarda cewa duk wanda aka taɓa wa baya ya shanye ke nan. Aikin da aka fi yi ƙarami ne, a ɗan tsaga, a cire guntun da ya bulluƙo kawai, a bar sauran faifan. Lakar kanta tana ƙarewa ne a saman kwankwaso, wajen ƙashi na farko ko na biyu, aikin kuwa galibi can ƙasa da ita ake yi. Ana yinsa a gida Najeriya, a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala da manyan asibitocin koyarwa. Yana da nasa hatsarin kamar kowace tiyata, ya fi maganin zafin ƙafa fiye da na bayan, kuma a kusan 1 cikin 10 faifan yakan sake bulluƙowa. Wani bincike a Holan da aka buga a 2007 ya raba mutum 283 da suka yi makonni 6 zuwa 12 suna fama: aka yi wa wasu aiki da wuri, wasu aka ci gaba da jira. Waɗanda aka yi wa aiki sun riga samun sauƙi. Amma da shekara ta zagayo, kashi 95 cikin 100 sun murmure a kowane ɓangare, ko da yake kusan 4 cikin 10 na masu jiran sun gaji sun karɓi aikin daga baya. Ke nan ga yawancin mutane, lokaci tiyata ke saya. Direban da iyalinsa ke ci daga kujerar mota, ya yi wata uku ba ya iya zama, yana da hujjar karɓarta. Wanda ke ganin sauƙi mako bayan mako yana da hujjar jira.

Akwai kuma inda babu zaɓi. Ƙafar da ƙarfinta ke raguwa kullum, ta fara jan ƙasa, ba ta jiran wata uku, a ga likita cikin kwanakin. Haka ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, wanda kwanciya ba ta kwantar da shi, ko aka ga wani ƙusumbi ya fara tasowa a gadon baya. A ƙasarmu, inda tarin fuka ya yi yawa, wannan na iya zama tarin fukan ƙashin baya, wanda ke cin ƙashi a ɓoye har ya shanye ƙafafu, alhali yana da magani in an gano shi da wuri. Wanda ya taɓa yin sankarar mama ko ta mafitsara, ko ya faɗo daga bisa, ko mai amosanin jini da ciwo ya kama wa ƙugu, kada a yi masa hukuncin faifai tun ba a bincika ba.

Mafi gaggawa duka shi ne wanda aka fi jin nauyin faɗa. Daga inda laka ta ƙare, jijiyoyi suna sauka ne a tattare kamar jelar doki, kuma a cikinsu akwai masu kula da fitsari, da bayan gida, da al'aura. In babban bulluƙo ya faɗo tsakiya ya matse su gaba ɗaya, mutum zai ji tsakanin cinyoyinsa da wajen zama sun sage, ya yi tsarki bai ji taɓawar ruwa ba. Fitsari ya ƙi fita, ko ya daina jin mararsa ta cika, ko ya zubo bai sani ba. Zafin ko raunin ya kama ƙafa biyu. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru ana son a yi aiki cikin kwana ɗaya zuwa biyu. In an wuce, jijiyoyin ba lalle su dawo ba, mutum ya ƙare rayuwarsa da robar fitsari.

Dattijo ba zai faɗa wa ɗansa cewa ya jiƙa shimfiɗa ba. Matar aure za ta yi shiru gaban surukarta, ta jira maigida ya dawo daga tafiya. Don haka mai jinya ne zai yi tambayar, a keɓe, namiji ga namiji, mace ga mace: Baba, fitsari yana fita yadda ya saba? Yaya, kina jin ruwa in kin yi tsarki? In amsar ta zo da shakka, ba a jiran wayewar gari. A ƙofar asibiti kuma kada a ce ciwon baya ne kawai, don za a sa mutum a layi. A faɗa wa ma'aikacin farko da aka tarar cewa fitsari ya tsaya, wajen zama ya sage, a faɗi tun ƙarfe nawa. In asibitin garin ba shi da hoton MRI ko likitan laka, a karɓi takardar turawa a daren, a nemi mota.